Dala Ashirin a Rumfar Wasan Bidiyo

A Maraɗi akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, wanda ɗansa na fari ke shirin jarrabawar BEPC. Kullum aka tashi daga lakkol, yaron ba ya zamewa ko'ina sai wata rumfar kwano inda aka girke talabijin biyu da PlayStation, ana biyan dala ashirin a buga wasan ƙwallo guda. Sau da yawa har a idar da sallar isha'i bai komo gida ba.

Abin da ya ɗaure wa Alhaji kai shi ne yaron ba daƙiƙi ba ne. Shi ke gyara wa uban wayarsa in ta rikice, ya kuma tsinci Ingilishi a cikin wasan. Amma ga takarda daga mushen lissafi: 6 bisa 20.

Ya kai kukansa wajen maƙwabcinsa, wani tsohon ma'aikacin asibiti mai yawan karance-karance. Dattijon ya ce, “Alhaji, masana ma sun daɗe a kan wannan magana.” Ya ba shi labarin binciken da Daphne Bavelier da Shawn Green suka wallafa a 2003 daga Jami'ar Rochester ta Amurka, wanda ya nuna masu wasannin harbi da gudu sun fi saurin lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Sai dai a 2010 an wallafa wani gwaji na Ingila, inda mutum fiye da 11,000 suka yi mako shida suna wasannin da ake cewa suna wasa ƙwaƙwalwa. Sun ƙware a wasannin, amma ƙwarewar ba ta bi su zuwa wasu ayyukan tunani ba. Wato mai cin ƙwallo a talabijin, ƙwallon talabijin ya iya.

Ya ƙara da cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, ga wanda wasan ya rinjayi barcinsa da karatunsa har kimanin shekara guda. A 2021 kuma ƙasar Sin ta ƙayyade wa yara awa uku a mako na wasa ta intanet.

Alhaji ya yi shiru, don shi ma ya sha bulala a kan dara yana yaro. Sai dai dara tana da magariba: duhu na yi, ba a ganin gurbi, kowa ya watse. Wannan na'ura kuwa muddin akwai wuta ba ta san dare ba, kuma da gangan aka ƙera ta yadda wanda aka ci zai so ramuwa nan take.

Bai ɗauki bulala ba. Ranar Asabar ya naɗe babbar rigarsa ya shiga rumfar, yara na ta ƙunshe dariya, ya biya dala ashirin ya zauna kusa da ɗansa. Yaron ya zura masa bakwai ba ko ɗaya, yana cewa, “Baba, ba nan ake dannawa ba.” A hanyar gida suka yi yarjejeniya: wasa Asabar da Lahadi bayan la'asar, sauran kwanaki littafi. Kuɗin kuwa a hannun uwar yaron za a riƙa karɓa, ita da ba ta taɓa yarda da maganar Ingilishin ba.