Baurin Shayin Asuba a Kura

A Kura, lokacin hunturu, masu ban-ruwan alkama da tumatir kan riga rana fita, domin su tari ruwan da magudanai ke kawowa daga madatsar Tiga. Kafin su gangara gona sai sun tsaya teburin mai shayi, inda kowace 'yar jakar ganye Lipton ake kiranta, ko da Top Tea ce.

Abin da ke cikin jakar marmashin ganye ne, shi ya sa yake sakin launi nan take. Launin nan mayaudari ne: kofi ya yi jawur alhali ƙamshi bai iso ba. In kuwa aka bar shi ya jima, bauri ya kama harshe kamar goro. Shekara da shekaru madara da sukari ke rufa masa asiri. Da tsadarsu ta mayar da leburori shan baƙin shayi, sai hukunci ya tsananta. Manomin da kan tauna ƙwayar shinkafa ya gane bushewarta ba ya raga wa jakar da aka tsoma sau biyu. Kurɓa ɗaya zai yi ya ture kofin, ya ce a sako sabuwa, a ƙara citta.