Ƙerana da kariya a kan duwatsunmu

Mu da muka tashi a ƙasar Batsari da Safana mun san ƙerana tun kafin mu shiga aji. Tana nan tsakanin duwatsu da gefen gonaki, kore shar, ba ganye sai ƙaya, ko da a tsakiyar bazara lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus. Iyayenmu kan ja mana kunne kada mu karya ta, domin farin ruwan jikinta yana iya lalata ido. Iyakar abin da aka gaya mana game da ita ke nan.

Da aka nuna mana hoton kaktus a darasin kimiyyar halittu, sai muka ce ai ga shi nan a bayan gari. Ashe ba shi ba ne. Kaktus ɗan nahiyar Amurka ne, kuma ya fi yawa a Meziko. Ƙerana da tinya wani dangi ne daban. Zafin rana da ƙarancin ruwa ne suka sa suka yi kama, kowannensu yana ajiye ruwa a cikin jikinsa. Namu suna tsiyayar da ruwa fari kamar madara, kaktus kuwa galibi ba ya yi.

Kaktus na can yana cikin matsala. A 2015 wani bincike na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ya nuna kashi 31 cikin 100 na nau'o'insa suna fuskantar ɓacewa. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne masu tumɓuke shi daga daji suna sayar wa masu ƙawata gida. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya take cikinta, ta sa ido kan cinikin kaktus tsakanin ƙasashe, har da dangin ƙerana masu ajiye ruwa.

A nan gida barazanar ba ta da hayaniya. Ana fasa dutse don gini, ana cinna wa daji wuta, ana faɗaɗa gona, shukar da ta yi shekaru tana girma a hankali sai ta tafi a yini guda. Dajin Rugu kuwa rashin tsaro ya hana mu shigarsa, balle mu ga abin da ya rage a ciki.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce kariya. Duk wanda ya ga furenta ja-ja a tsakiyar rani, babu ganye ko ɗaya a jikinta, zuciyarsa za ta raya masa ya haƙe ta ya kai gida. A ganinmu wannan asara ce, tunda akwai hanya mai sauƙi: a bar uwar a kan dutsenta, a yanki reshe guda, a ajiye shi a inuwa 'yan kwanaki har bakin ya bushe, sannan a dasa a ƙasa mai rairayi. Haka kakanninmu suke yi da aguwa in za su yi shingen gona. Sai dai a rufe hannu da leda, kuma a kiyaye ido da baki, domin kariya ma tana da dafi.