Kashi na gaba da Baba bai gani ba

Mu da aka haifa a Kafanchan wajajen 1970 ba a silima muka fara sanin kaboyi ba, a bakin iyayenmu muka san shi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, fatauci yake yi a jirgin ƙasa. Garin nan dama reluwe ce ta raya shi tun da ya zama mahaɗa a 1927. To in ya je Jos saro kaya jirgi ya kwanar da shi, wani lokaci abokai kan ja shi gidan silima. A ɓoye fa, don a wancan zamani malamai ba sa ganin mai shiga silima da mutunci.

Irin fim ɗin da ake sakawa kafin babban fim shi ne mai kashi-kashi. Kamfanonin Amurka irin su Republic da Universal suka riƙa yin su bayan an fara fim mai magana, kashi 12 ko 15, kowanne kamar minti ashirin, ana nuna ɗaya duk mako. Kuma duk kashi sai an yanke shi a daidai inda jarumi ya shiga uku: keken doki ya rufta kwazazzabo da shi, ko wuta ta tashi yana ɗaure. Dabarar 'yan kasuwa ce, mu ma mun san ta, a sa ka dawo da kuɗinka.

Sai dai falke ba ya dawowa mako mai zuwa. Baba ya ga wani mai baƙar riga da bulala, fuska a rufe, an rutsa da shi ba mafita, aka kunna fitila aka ce a tashi. Har ya rasu bai san yadda mutumin ya kuɓuta ba. Mu kuwa muka ɗauki labarin muka fita da shi bayan gari da bindigogin kara, mu da yaran Bajju da na Fantswam da muke ƙwallo tare. Kowa shi ne kaboyi. Wanda aka fi ƙarfi shi ake tilasta wa zama Ba'indiyen daji, ya yi ihu ya faɗi matacce, a yi dariya.

Watan jiya yaronmu ya binciko mana fim ɗin a YouTube. Bisa kwatancen Baba, Zorro's Fighting Legion ne na 1939, kashi 12. Muka jingina waya da buhun sukari a kanti, kullum kashi ɗaya bayan azahar. Kuɓutar jarumin ba ta burge mu ba, kusan kullum sai a nuna ashe ya riga ya yi tsalle, an dai ɓoye maka ne a makon jiya. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne mugun. Wani ne cikin sulken zinariya, Don del Oro, ya ce wa ƙabilar Yaki shi ne abin bautarsu, yana tura su su kashe a kashe su, alhali zinariyar ƙasar yake so. Da aka tone shi a ƙarshe, ashe ɗan majalisar gari ne, yana zaune tare da manya ana shawarar yadda za a kama shi.

Mun ga Maris na 1987, mun ga 1999, mun ga Afrilun 2011 da kasuwa ta ci wuta, mun yi sallar gawa da ba ma son tunawa, maƙwabtanmu ma sun binne nasu. Cikin waɗanda muka yi wasan kara da su, akwai wanda yau in mun haɗu a hanyar Kagoro sai ɗaga hannu daga nesa.

Akwai wani dattijo Bajju, tsohon ma'aikacin reluwe, da ke sayen sabulu a wurinmu tun kantin yana hannun Baba. Ya tarar da mu a kashi na goma sha ɗaya, muka ba shi benci. Da aka yanke ya ce, "Malam, kada ku kalli na ƙarshen sai na zo." Washegari muka jira shi har aka kira la'asar, muka je muka ja salla muka dawo, muka same shi zaune a bencin, yana yi wa yaron faɗa wai cajin wayar ya yi ƙasa.