Katin Zaɓena Ya Biyo Ni Agege

A ƙarshen watan Disamba na 2022 muka ɗaure kaya muka bar Kano. An yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Legas, zaɓi kuma biyu ne: ko ya tafi shi kaɗai ya riƙa leƙo mu bayan wata uku-uku, ko mu tattara mu bi shi. Na ce ƙafata ƙafarsa. Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta so ba. Ta ce, "Yanzu ke da yara uku za ki kwasa ki tafi Kurmi, ga zaɓe ya ƙarato?" A wurinta, zaɓe ya riski mutum a garin da ba nasa ba babban ganganci ne.

Mun kama haya a Agege, ɗaki biyu da falo a hawa na farko, bayan an karɓi kuɗin shekara guda cur, ga na dillali, ga na rubuta yarjejeniya. Mun baro hunturu da kaɗe-kaɗen iska, muka tarar da zufa dare da rana. Cikin mako biyu ƙurajen zafi suka feso wa auta a wuya da baya. Ni da na saba shanya a tsakar gida, sai ga ni ina rataye zannuwa a baranda, su wuni ba su bushe ba. Maigida kuwa da an sallame sallar asuba zai fita don ya riga cunkoson motoci, ba za mu sake ganinsa ba sai bayan isha'i.

Ba mu gama sabawa ba aka shiga wahalar canjin kuɗi. Tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ana gudunsu, sababbin kuma ba a ganinsu. Da a Kano ne, zan aika yaro wurin mai shagon layinmu ya rubuta, domin ya san gidanmu tun kafin a yi min aure. A nan wa ya san ni? Wata safiya na tsaya gaban mai kifi, na tura mata kuɗi ta waya sau biyu bai shiga ba, na juya zan tafi hannu rabbana. Sai matar da ke zaune a ƙasanmu, Bayarabiya da kowa ke kira Iya Ibeji saboda tagwayenta, ta yi wa mai kifin magana da yarensu. Aka ƙulla min kifin a leda. Daga baya na fahimci cewa ta ce idan ban biya ba a zo wurinta. A lokacin ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba.

Abin da ban lura mun taho da shi daga Kano ba shi ne lissafinmu na siyasa. A tunaninmu komai a shirye yake: Bayarabe na Tinubu ne, Ibo na Peter Obi ne. Su ma haka suka lissafa mu, Bahaushe ko dai Atiku ko Kwankwaso. Sai ga babban ɗan Iya Ibeji, wanda ya gama jami'a yana neman aiki, ya manna hoton Obi a bayan motar da yake haya da ita, kullum suna cacar baki da uwarsa. Mai kemis ɗin bakin layi, Ibo ne, ya ce shi ya daina ɓata ƙafarsa a layin zaɓe. Maigida kuma, da suke zaton ɗan jar hula ne, Tinubu yake so, shi da ƙanena ɗan Kwankwasiyya sun sha yin sa-in-sa a kan haka.

Abin dariyar shi ne duk wannan zafin ra'ayi, ko ƙuri'a ɗaya ba mu jefa ba. Katinmu na mazaɓar Kano ne, hukumar zaɓe kuma ta rufe rajista da sauya mazaɓa tun ƙarshen Yulin 2022. Ranar 25 ga Fabrairu a falo muka wuni. Da sakamako ya fito, Kwankwaso ya ɗauke Kano, Obi kuma ya doke Tinubu a Legas, garinsa.

Makonni ukun da suka biyo baya, kafin zaɓen gwamna na 18 ga Maris, su ne mafi nauyi a gare ni. Magana ta koma kan wa ke da Legas, wa kuma ya zo ci-rani. Mai kemis ya rufe shago kwana biyu. Babban ɗana, ɗan shekara tara, ya dawo daga makaranta ya tambaye ni, "Umma, mu ma baƙi ne?" Wani yaro ne ya ce masa bayan zaɓe kowa zai koma garinsu. Na rarrashe shi, amma da daddare barci ya ƙi zuwa, domin na san wannan maganar. Na taɓa jin ta a bakin mutanenmu game da mazauna Sabon Gari, kuma in faɗi gaskiya, ni ma ta taɓa fita daga bakina ina yankan alayyahu, ban ɗauke ta komai ba. Ban taɓa tunanin akwai wata uwa a Sabon Gari da ɗanta ya dawo mata da irin wannan tambaya ba.

Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin danfo ya ninka, albashi yana nan inda yake. Sai maigida ya zama abin tsokana a zauren WhatsApp na dangi. Kowa ya sayi mai da tsada sai ya turo masa saƙo, "Ga gwaninka nan." Shi kuma ba ya barin ta kwana. Mutumin da zai tashi ƙarfe huɗu da rabi, sai ya kai sha biyun dare yana mayar da martani. Ya fara kukan ciwon kai ta ƙeya, yana shan farasitamol kamar gyaɗa.

Wani dare ya miƙe zai yi alwala, jiri ya kwashe shi. Na ruga wurin mai kemis. Ya zo da na'urar awo, ya ɗaura masa a dantse, ta nuna 175 bisa 105. Na ce ya ba mu magani, ya ƙi, ya ce wannan aikin likita ne. Ɗan Iya Ibeji ne ya kai mu asibiti a motar nan mai hoton Obi, ya kuma zauna da mu har ƙarfe biyu.

Likita ta bayyana mana cewa awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, in ya dawwama a haka, hawan jini ne, kuma yawanci ba ya nuna alama, mai yiwuwa ya daɗe da shi bai sani ba. Ba ta ɗora laifin a kan siyasa ba. Ta lissafa gado, da gishiri da dunƙulen miya, da rashin motsa jiki, da ƙarancin barci, da damuwa. Ta ce magani kullum ne, kada ya daina don ya ji sauƙi. Ni dai na san abin da ke cinye barcinsa. Muka yi yarjejeniya: ba waya a kan tabarmar cin abinci, ba waya bayan ƙarfe goma. Na rage gishiri na ƙara daddawa da tafarnuwa, yara suka yi ƙorafin kwana uku suka saba. Ra'ayinsa dai bai canza ba, har yau yana cewa a ba gwamnati lokaci, ni kuma ina nuna masa kuɗin cefane.

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, Kano aka saka wa dokar hana fita ta awa 24. Mu ne muke kiran Hajiya daga Kurmi muna tambaya ko akwai abinci a gida. Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ba ta ƙara komai ba.

Da hukumar zaɓe ta sake buɗe rajista, maganar kati ta taso. Maigida ya ce shi ƙuri'arsa ta Kano ce, can aka binne cibiyarsa, in lokaci ya yi zai hau mota ya je. Ni na duba kwatar da ke cika ta shigo mana layi duk damina, da ƙaramin asibitin da nake kai auta rigakafi, da makarantar yara. Duk a Agege suke, kuma waɗanda ake zaɓa a nan ne ke da alhakinsu. Na je na cike takardar sauya mazaɓa. Iya Ibeji ce ta raka ni, tana ta ƙoƙarin jan ra'ayina a hanya, ban faɗa mata wanda zan zaɓa ba. Hajiya kuma har yanzu ban sanar da ita ba, ina jira sai mun je gida da sallah.