Bakin Ɗan Galmi

Duk wanda ya iya zana ƙwai zai iya zana Ɗan Galmi. Albasa ce guda, da ido biyu, da ganye uku bisa kai a madadin hula. Na zaɓi albasa don ita ce aka san jiharmu ta Tawa da ita, kuma, in faɗi gaskiya, don ba ta da hannu balle yatsu, su ne masu wuyar zane. Cikin wayata nake yin shi da FlipaClip, da yatsa. Jikin bai ci mani rabin awa ba. Bakin kuwa wata biyu ke nan muna fama.

Ga lissafin. Fim na tafiya da hoto 24 cikin daƙiƙa guda, amma masu zane kan yi 12, kowane a nuna shi sau biyu, ido bai ganewa. Minti ɗaya zane 720 ke nan. Ba mai wannan haƙuri, balle mai jarrabawa gabanshi. Dabarar ita ce jiki ya tsaya wuri guda, a zana bakuna kaɗan, a riƙa sauya su bisa sautin da aka naɗa. Akwai jadawalin bakunan a intanet, sai dai don Ingilishi aka tsara shi.

Nan ne karatun ilimin harshe da nake yi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya yi mani rana. Jadawalin yana da baki na musamman don "f", haƙoran sama bisa leɓen ƙasa. To wane Bahaushe ke cizon leɓe in zai ce fari? Mu da leɓɓa biyu muke yin shi, kamar mai hura koko. A Babankatami ma ba mu da shi sam: hwari muke cewa, mu hita, mu tahi. Ke nan ko dai leɓɓa su tattaru kamar na "u", ko baki ya bi wasalin da ke gaba. Sai na jefar da wannan bakin, na rage biyar: rufaffe don b, ɓ da m, wangamemme don a, shimfiɗaɗɗe don i da e, tattararre don u, o, w da irin su kw da gw, sai mai ɗan buɗewa don sauran. Ɗ da ƙ da ts, waɗanda ke ba baƙi wahala, ba su neman zanen kansu, don cikin baki da maƙogwaro ake aikinsu.

Abin da rubutunmu ke ɓoyewa shi ne zane ke tonawa. Gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya muke rubuta su, amma in Ɗan Galmi zai ce garin tuwo dole bakin ya daɗe buɗe, zane uku maimakon ɗaya ko biyu, in ba haka ba sai ka ga kamar wani ke magana bayan labule. Karin sauti kuwa baki bai nuna shi ko kaɗan. Kukan yaro da kukar miya bakinsu guda, sai na sa gira da kai su ɗan sauka wurin da murya ta sauka.

Wani abokina ya ce in sa shi ya yi Kananci, wai sai ya fi samun masu kallo. Yana da hujja, ban musa ba. Amma ƙannena a gida, abin da suke kallo ko Faransanci ne ko fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausar Kano, kuma na lura in za su kwaikwayi jarumi sai su ce "ni ne", "ni na" kuwa a bar ma bagidaje cikin wasan. Ba wanda ya koya masu hakan da baki. Shi ya sa Ɗan Galmi ke cewa "gaskiya ta", ba "gaskiya ce" ba, kuma ko ka kashe sautin waya za ka gane, don da baki wangame yake ƙare magana.

Kada wani ya ce mana wannan sana'ar ta Turawa ce ko ta Japanawa. Mustafa Alasan, wanda ya yi zama a Tawa, ya koyi aikin wurin Norman McLaren a Kanada, kuma tun 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa mai ziyarar ƙasaita. Daga baya ya sa kwaɗi kokowa cikin Kokoa. Ya rasu a Wagadugu cikin 2015. Na tambayi ƴan ɗakinmu su biyar, ɗaya kaɗai ya taɓa jin sunanshi, shi ma ya zaci ɗan siyasa ne.

Yanzu ina da daƙiƙa 40 na Ɗan Galmi yana rikici da dillali kan kuɗin buhu. Muryata ce, kuma zaman Yamai ya fara lanƙwasa ta. In na je hutu zan naɗi ta kawuna, wanda ya fi kowa iya faɗa da dillalai, in sake jera bakunan bisa tashi.