Safar matse ƙwauri da robar taya

Ran Lahadi da la'asar mun leƙa filin balo na nan Sarkin Yamma, sai muka tarar da wani ƙanenmu zaune a gefe yana murza ƙafa, ta kumbura tun daga ƙwauri har yatsu. Yaron gudu yake koyo don jarabawar shiga soja. Abokansa sun sayo safar nan mai matse ƙwauri a gwanjon kasuwar Maradi, shi ko ba ya da jaka biyu, sai ya yanko robar taya ya ɗaure ƙasan gwiwa tamau. Da muka tambaye shi dalili, cewa ya yi: "Yaya, ai duk matsi ne."

Mun yi masa faɗa, amma a hanyar gida jikinmu ya yi sanyi, don mu ma da hannunmu a ciki. A shirinmu na wasanni a rediyo mun taɓa yabon wannan safa, har muka ce tana ƙara gudu. Hujjarmu? Mun gan ta a ƙafar 'yan wasan Turai a tele, shi ke nan.

Asalinta kayan asibiti ce, likitoci ke ba masu kumburin jijiyoyin ƙafa. Ana saƙa ta yadda za ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa yayin da take hawa, don ta taimaki jini ya koma sama wajen zuciya. Robar ƙanenmu kuwa akasin haka ta yi: ta tare hanya daga sama, jini ya taru a ƙasa.

To gudun fa? Masu tallarta suna son kawo Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta yi gudun fanfalaki na Landan a 2003 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, da doguwar safa har gwiwa. Gaskiya ne ta sa. Amma da masana suka yi ta gwada masu gudu, da safa da babu safa, yawanci bambancin lokacin bai taka kara ya karya ba. Inda aka fi ganin ɗan amfaninta shi ne bayan an gama: tsamin jikin nan da ke kama mutum washegari yakan ragu ga wasu. Shi ma sai in ta yi daidai da kaurin ƙwaurinka. Ta gwanjo, wadda wani ya sa har robarta ta saki, safa ce kawai, sai ƙarin zufa a zafin watan Afrilu. Mai ciwon suga ko matsalar jijiyar jini kuwa, kar ya sa sai ya ga likita.

Wallahi abin har dariya yake ba mu in muka tuna Issaka Issaka na Doso, da ya yi ta ɗaukar takobin kokowa ƙafarsa tsirara cikin rairayi.

Kumburin yaron ya sabe kafin magariba, alhamdulillahi. Da muka duba takalminsa, tafin ya huje, yana taka tsakuwa kai tsaye. Mun haɗa masa kuɗin wani. Maganar da muka yi a rediyo kuma za mu janye ta da bakinmu a shiri mai zuwa, in Allah ya kai mu.