Kishiyar Inna Ta Daina Shan Ruwa

Tun ina ɗan aji biyu a firamare na san ƙarar buɗe bonet ɗin motar Baba kamar yadda na san muryar ladanin unguwarmu. Da ya dawo daga sallar asuba, tun kafin ya karya kumallo, sai ya ɗauki wata buta ta ƙarfe wadda ba mai alwala da ita a gidan, ya fita ƙofar gida. Daga cikin ɗaki za ka ji ƙwas, sannan ka ji ruwa yana gangarawa cikin lagireto, sai kuma ya rufe ya shigo yana goge hannu. Inna kan ce, "Malam, an shayar da kishiyar tawa?" Shi kuma ya ce, "Ai ta fi ki haƙuri, ruwa kawai take nema."

Motar Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, fara, haɗin Kaduna. Baba ya saye ta hannu na biyu a 1986, saura shekara guda a yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Yaran yanzu da suka tashi suka tarar da motocin Japan ba za su gane matsayin Fijo ba. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, kamfanin da ke Kaduna kuma ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, har ta kai ga ita ce motar ma'aikaci, ita ce motar gwamnati, ita ce kuma ta haya a tasha. Baba malamin makaranta ne, bai taɓa mallakar wani abu da ya kai ta daraja ba in ban da gidan da muke ciki.

Da Allah ya yi masa rasuwa a 2016 aka zo rabon gado, Inna ta ce a sa mata motar cikin tumuninta. Mutane suka yi ta mamaki, tsohuwar da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Ta miƙa mini makulli ta ce, "Kai ne direbana." Butar ma ta ba ni. Haka na gaji shayarwar asuba ba tare da na taɓa tambayar ina ruwan yake tafiya ba, domin abin da na tashi na ji shi ne Fijo tana shan ruwa, kamar dai yadda ake cewa raƙumi yana da tozo.

A nan ya kamata in faɗi laifina, mai karatu, kada in ɗora wa marigayi duka. A 2019 injinta ya gaji, hayaƙi yake yi kamar an kunna yayi. Maimakon in gyara shi, sai zuciyar samartaka ta ɗebe ni, na sa aka ciro shi aka ɗora mata injin 505 mai lita biyu, ɗan Kwatano. Duk wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san irin Fijon nan masu ɗagaggen baya da ake yi wa ƙarin ƙarfi don ɗaukar kaya da gudu, to ni ma burina ke nan, tsohon jiki da sabuwar zuciya. Na samu abin da nake so kuwa, in na taka ta a titin Kano sai ka ga masu sababbin motoci suna leƙe. Sai dai ban taɓa lagireto ba, ban taɓa murfinsa ba. Na ƙara wuta a murhu, tukunyar kuma tana nan yadda take. Ruwan da nake ƙarawa ya tashi daga kofi ɗaya ya koma rabin buta, ban damu ba.

Ranar da asirina ya tonu ita ce ranar kai autarmu ɗakinta a Kankiya, mako guda bayan ƙaramar Sallah ta 2024. Wanda ya yi watan Afrilun wannan shekara a Katsina ba sai an tuna masa ba, zafi ya haura digiri 40, kwalta har wani rawa take yi a ido. Inna ta ce amarya ba za ta shiga motar kowa ba sai ta ubanta. Yaya ya ɗan yi gardama, ya ce ga motarsa mai sanyi, Inna ta dube shi sau ɗaya ya yi shiru. Aka cika Fijo: amarya da ƙawarta da Inna da Gwaggo a baya, wata ƙanwar Inna a gaba, but kuma cike da gara. Ayarin yana tafiya a hankali saboda motar da ta ɗauko gado da katifa, ga shi mun daɗe a tsaye a shingen bincike injin yana aiki.

Mun wuce Charanci kaɗan na ga allura ta haye ja. Kafin in gangara gefe tururi ya turnuƙe gilashi. Na fito na ɗaga bonet, lagireto yana ta kuka kamar tukunyar ɗanwake, na cire hulata na naɗe a hannu na kai wa murfin. Sai na ji muryar Inna, irin wadda ban taɓa jin ta ɗaga ba: "Kada ka taɓa! Ka manta hannun ubanka?"

Ban manta ba, ruɗewa ce. Baba yana da wani farin tabo daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, wanda ya samu a hanyar Jibiya tun muna yara, ranar da ya buɗe wannan murfin injin yana da zafi ruwan ya yi tsalle ya same shi. Na janye hannuna. Muka zauna gindin wata bedi fiye da minti arba'in, amarya tana kuka a cikin lulluɓi, ban sani ba ko na rabuwa da gida ne ko na kunya. A ƙarshe motar Yaya ce ta shiga da ita Kankiya. Ni da Fijo muka iso bayan la'asar, da ruwan rijiyar wani bawan Allah a cikinta.

Da dare Yaya ya ce gobe a kira 'yan gwangwan. Yana da hujja, ba zan zalunce shi ba: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ajiye mota irin wannan ya zama nauyi, ga shi ta kunyata mu a gaban surukai. Maganarsa ba ta dame ni ba kamar ta Inna, wadda ta ce a hankali, "In ta zama wahala, ku sayar." Ba ta dubi kowa ba da ta faɗa.

Kwana uku ina bincike a intanet a wayata. A nan na ci karo da Amurkawan nan masu ɗaukar tsofaffin motocin kakanninsu su ɗora musu manyan injuna, ashe ciwonmu ɗaya da su. Na ga kusan kowannensu yana da wani ɗan tanki a gefen lagireto, har ma a filayen tserensu ba a barin mota ta shiga sai da abin tare ruwan, don kada ya zuba a titi tayar wani ta zame. Na ce ashe abin sauƙi ne. Na samo robar ruwan sha, na huda murfinta, na zura ɗan tiyon da ke fitowa daga wuyan lagireto, na ɗaure da waya. Kwana biyu robar ta cika ta lanƙwashe don zafi, ruwan kuma ko ɗigo bai koma ba. Dole na sauke girman kai na tafi wurin Kawu.

Kawu ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, makanikin Baba ne tun kafin a haife ni, garejinsa yana can wajen Ƙofar Ƙaura. Ya dubi robar ya yi dariya har da tari. "Ɗan Malam, wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce ni ne. Ya ce, "To zauna."

Ya ciro murfin lagireto ya ɗora a tafin hannunsa, ya danna sifirin ɗin da babban yatsa, ya lotsa ba gardama. Ya ce wannan murfin ya mutu tun Malam yana da rai. Bayanin da ya yi mini a tsaye, da wanda na ƙara karantawa daga baya, ga shi a taƙaice. Ruwa yana tafasa a digiri 100 in a buɗe yake, amma in an toshe shi an matse sai ya wuce haka bai tafasa ba. Murfi mai riƙe matsin ba ɗaya yana kai shi wajen digiri 120. Wannan shi ne aikin sifirin ɗin. In ya saki, lagireto ya zama tukunya kawai. Shi ne kuma dalilin da ya sa buɗe murfi da zafi yake ƙona mutum: ruwan ya riga ya wuce mizanin tafasa, matsi ne kawai ya danne shi, kana saki sai ya tashi gaba ɗaya.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ya sa na yi shiru na daɗe. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, kimanin kashi 4 cikin 100 daga sanyinsa zuwa kusa da tafasa. Mota irin tamu tana ɗaukar lita bakwai zuwa takwas, ka ga kumburin ya kai kofin shayi guda. In an cika lagireto har baki, wannan kofin ba shi da wurin zama, sai ya ture murfi ya bi ɗan tiyo ya zube ƙasa. In injin ya huce ruwa ya koma yadda yake, sai lagireto ya zuƙi iska a madadinsa. Da safe ka buɗe ka ga ya ragu, ka sake cikawa. Ma'ana, kofin da Baba yake zubawa kowace asuba tsawon shekara talatin, Fijo ba ta taɓa shan sa ba. Kafin ya kai makaranta ta zubar da shi a kan titi. Kowane sabon kofi kuma yana shigowa da iska mai kawo tsatsa, da gishirin ruwan rijiya mai toshe ƙananan hanyoyin lagireto.

Na ce, "Kawu, ba ka taɓa gaya masa ba?" Ya ce, "Na gaya masa ya fi sau goma, ya bar ɗan fili a sama. Sai ya ce shi ba ya tafiya da abu rabi."

Aikin da kansa bai kai yini ba. Muka fara kai lagireto wurin masu wankewa, suka buɗe shi suka zure hanyoyinsa, abin da ya fito kamar kunun kanwa ja. Wajen tankin ne na so in sake yin kuskure, don na hango wani mai kama da ƙwallo na Golf na ce shi nake so. Kawu ya ce a'a, wancan shi kansa yana riƙe matsi, tsarinsa daban ne. Namu mai sauƙi ake so, irin na ƙananan motocin Japan, farar roba mai kauri da ke jure zafi, mai layi biyu a jiki, da ƴar kafar shan iska a sama. Muka samu na wata Corolla da ta yi hatsari, kusan lita ɗaya yake ci. Mai walda ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya yi masa mazauni a gefen lagireto, nesa da sulansa, nesa da fanka da fanbel.

Abu biyu Kawu ya nanata, kuma su ne robata ta rasa. Na farko, tiyon dole ya kai har gindin tanki ya nutse cikin ruwa, in ba haka ba iska zai zuƙo, kamar mai shan lemo da tsinke bai kai ƙasa ba. Na biyu, murfin lagireto dole ya zama mai roba biyu, ɗaya a ƙasa mai riƙe matsi, ɗaya a sama mai toshe bakin wuya, da ɗan bawul a tsakiya wanda ke buɗewa in injin ya huce don ruwa ya dawo. Tsohon murfinmu roba ɗaya gare shi, ita ma ta tsattsage. Ya ɗaure bakin tiyo da kilif gaba da baya, ya ce ko kafar allura ta isa ta ɓata aikin.

Mun ɗan yi jayayya kan ruwan da za a zuba. Shi Kawu mutumin ruwan famfo ne, kamar yawancin makanikanmu, waɗanda kuma da mota ta fara zafi sai su cire tamostat su jefar su ce na ƙasar sanyi ne. Ni dai ban yarda da wannan ba, na sa aka mayar da shi, na kuma sayo koren ruwan nan na lagireto mai hana tsatsa. A nan ma tankin ya yi wani amfani da ban yi tunani ba, don wannan ruwa guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, awakin unguwarmu kuwa a ƙarƙashin Fijo suke shan inuwa, yara ma a nan suke wasa.

Ranar gwaji na ɗauki Kawu muka je Daura muka dawo da tsakar rana. Da muka tsaya na ga ruwan tanki ya hau kusa da layin sama. Washegari da asuba na fita da tocila, gabana yana faɗuwa kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Ya sauko daidai inda muka bar shi. Na buɗe lagireto, cike yake har wuya. Na kira Yaya na gaya masa, ya ce, "To mu gani zuwa bazara mai zuwa." Bazarar ta zo ta wuce, bai sake tayar da maganar 'yan gwangwan ba, ko da yake bai ce na yi daidai ba.

Kusan mako uku bayan gyaran na daina fita da asuba, tunda ba abin da zan ƙara. Wata safiya na shiga gaida Inna, tana kan darduma da carbi, sai ta ce, "Wai lafiyar motar nan kuwa? Kwana biyu ban ji ka ba ta ruwa ba." Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, da kumburi da murfi da tanki, har ina jin daɗin kaina. Abu ɗaya na tsallake, ban gaya mata inda ruwan Baba yake zuwa ba. Ta saurara har na gama ta ce, "To madalla, Allah ya yi albarka." Na miƙe zan fita ta ce, "Ina ka ajiye butar?"

Tana bayan ƙyaure, ƙura ta fara hawa kanta. Washegari da na dawo masallaci na wanke ta na cika, na fita na ɗaga bonet. Na haska tocila, ruwa yana tsakanin layi biyu. Na ɗan tsaya, sannan na juye butar a gindin bedin da ke ƙofar gida, na rufe bonet na shigo. Ina wucewa ta ƙofar ɗakinta na ji ta ce, "Ta sha?"

Na ce, "A ƙoshe take, Inna."